Makullin kabad yana wurin Hedimasta

Kwana uku bayan Babbar Sallar 2022 'yar aminina marigayi ta zo gaishe ni, rataye da wata jakar goyo da ta ƙi yarda ta ajiye a ƙasa. Ta shiga ciki ta gaida mutanen gida, aka ba ta nata kason soyayyen nama, sannan ta dawo zaure ta durƙusa ta ce, "Baba, yau ba yawon Sallah kaɗai ya kawo ni ba." Ta zuge jakar ta fito da wani ɗan akwatin roba, girmansa bai wuce sabulun wanki ba, da kwamfutocin hannu guda biyu, ɗaya gilashinta ya tsage an liƙe da salatif.

Malamar firamare ce, NCE gare ta. Ita da wasu samari biyu, ɗaya ya karanta kwamfuta, ɗayan gwanin zane da naɗar murya, sun shekara suna haɗa darussan koyon karatu da Hausa: baƙi da wasali, gaɓa, kalma, har gajeren labari. Ɗan akwatin nan kwamfuta ce sukutum, Raspberry Pi ake ce mata. Sun ɗora mata wata manhaja ta kyauta mai suna Kolibri, wadda wata ƙungiyar Amurka, Learning Equality, ta yi domin wuraren da babu intanet. In an kunna akwatin sai ya ba da nasa sabis ɗin iya cikin aji, kwamfutocin hannun su kama, yara su buɗe darasi, ba data ba kati. Ta ce tun da aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumbar 2021 saboda 'yan bindiga, har abin ya taɓa wasu sassan Katsina da Sakkwato, suka yanke shawarar ba za su jingina aikinsu da sabis ɗin kamfanin waya ba.

Makarantu 3 suke yi wa aiki, so suke su kai 40. Ni kuwa na yi shekara 19 ina aikin akanta a ayyukan raya karkara kafin in ajiye, abin da ya kawo ta ke nan. Na ce mata kwamfuta dai, in ba ta lissafi ba, ban san kanta ba. Ta ce, "Ai lissafin ne ba mu iya ba, Baba. Abin kam yana aiki." Na ce to, gani ya kori ji.

Mako na zagayowa na bi ta. 'Yan aji uku ne, yara sun haura 70, rabi a kan benci rabi a ƙasa. Ta raba su biyar biyar, kowane gungu da kwamfuta ɗaya. Wata 'yar yarinya mai zanen lalle a hannu ta danna ƙ, muryar saurayin nan ta fito, "ƙa, ƙasa, ƙaya," sauran huɗun suka amsa kamar masu biya allo. Abin ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Amma idon akanta ba kan yaran ya tsaya ba. Na ga ta san sunan kowane yaro. Na ga ta ɗauke wani da ya danne kwamfutar shi kaɗai ta mayar da shi wani gungu. Na ga tana goge gilashi da gefen hijabinta. Da aka tashi ta tattara kayan duka ta zuba a jaka, muka hau adaidaita, ashe gida take kai su ta yi caji da janareton maƙwabcinta, ta saya masa mai lita ɗaya.

A hanya na tuna da kwamfutocin nan kore da fari da aka kai firamaren Galadima a gefen Abuja a 2007, na shirin ba kowane yaro kwamfutarsa, wanda Nicholas Negroponte ya jagoranta. Lokacin duniya ta ɗauka an samo maganin jahilci a kan dala 100. Ƙasar Peru ta saye su dubu ɗaruruwa, sai ga binciken da bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya fitar a 2012, kan makarantun karkara sama da 300, ya nuna sakamakon yaran a lissafi da karatu bai motsa ba. Na ba ta wannan labari. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Su ai rabawa kawai suka yi." Na ce ke ma da kin kai 40 rabawa kawai za ki yi, tunda ba za ki rabu gida 40 ba.

Dare uku muka yi muna lissafi a zaure. Abin da ta rubuta a matsayin kuɗin makaranta ɗaya shi ne akwati, kwamfutoci 15, da waya ta caji. Ba ta sa kuɗin adaidaita ba, ba ta sa man maƙwabci ba, ba ta sa gilashin da ke fashewa ba, ballantana ranakunta da ta ɗauka kyauta ne. Na sa ta rubuta duk abin da hannunta ke taɓawa daga Litinin zuwa Juma'a, na sa wa kowanne farashi kamar wani za a ɗauka a biya shi. Da muka raba jimlar da yawan yara, kuɗin yaro ɗaya a shekara ya ninka nata har sau uku. Ranar ba ta ci tuwon da aka kawo ba.

Sai rajista. Irin wannan sana'a jemage ce, ita ba tsuntsu ba ita ba dabba ba: ba ƙungiyar agaji ce zalla ba, tunda suna son wata rana su riƙa sayar wa makarantun kuɗi don su riƙe kansu, kuma ba kamfanin cin riba ba ne. A hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi kuwa dole ka zaɓi layi. In rajistar amintattu ce, irin ta ƙungiyoyin da ba na cin riba ba, sai an buga sanarwa a jaridu biyu an jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, sannan ka nemi takardar SCUML, ofishin sa ido kan halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, kafin banki ya sake maka da asusu. In kamfani ne, mai zuba jari zai iya shigowa, amma masu ba da tallafi da yawa sai su ja da baya. Muka yi ta amintattu. Saurayin nan mai kwamfuta har yau yana ganin mun rufe wa kanmu ƙofa, ni kuma ban ce ba shi da gaskiya ba.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne hujja. Duk mai ba da kuɗi ya san alƙaluman Bankin Duniya na 2022, cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin samu yara 70 cikin 100 'yan shekara 10 ba sa iya karanta gajeren labari su gane shi, a Afirka kudu da Sahara kuma abin ya kusa 90. Ba wanda zai ba ka kwabo don ka maimaita masa wannan. Tambayarsa ita ce naka yaran, ina suke da, ina suke yanzu. Muka ari gwajin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yaɗa, irin wanda shirin KaLMA na koyar da karatu da lissafi ya yi aiki da shi a Wudil da Dawakin Tofa: takarda ɗaya, yaro ɗaya, a ga ko bai san baƙi ba, ko ya tsaya a baƙi, ko kalma, ko sakin layi, ko yana karanta labari. Na hana ta yin gwajin da kanta. Muka ɗauki ɗaliban kwalejin ilimi huɗu da ba su san yaran ba, suka gwada makarantunta 3 da wasu 3 na kusa da ba su da kayan, farkon shekarar karatu da kuma bayan zango biyu.

Biyu daga cikin nata sun yi wa maƙwabtansu nisa, musamman yaran da da farko ko baƙi ba su sani ba. Ta ukun kuwa ba ta bambanta da inda babu kwamfuta ko ɗaya ba. Ita ce mafi nisa, wadda aka bar wa kayan a can, take leƙawa sau biyu a wata. Ta so mu cire ta daga rahoto. Na ce a'a. Da na san abin da wannan makaranta take gaya mana tun lokacin, da na huta da wahalar shekara guda, amma na ɗauke ta a matsayin lamba ɗaya da ta ɓata min jadawali.

Neman kuɗi ba sai na ja shi ba. Akwai manyan shirye-shirye na goya wa masu fasahar ilimi baya, irin na gidauniyar Mastercard da take yi da CcHUB ta Yaba a Legas da Injini ta Cape Town, sai dai kamfanoni suke nema waɗanda suka riga suka tsaya da ƙafarsu, mu kuwa rarrafe muke. Muka rubuta takardu 7, wata gidauniya ta cikin gida ta amsa. Jami'arsu ta zo, ta zauna a aji tun daga fari har aka tashi, ta karanta rahoton har da makarantar da ta ba mu kunya, ta ce ita ce ma ta sa ta yarda da sauran lambobin. Sannan ta dubi 'yata ta ce, "Malama, in kika yi aure mijinki ya ɗauke ki zuwa wani gari, wa zai yi wannan?" Ran yarinyar ya ɓaci, a mota take ce min da namiji ne ba za a yi masa wannan tambaya ba. Gaskiyarta. Tambayar kuma tana nan ba ta amsu ba.

A Afrilun 2023 muka sa hannu: makarantu 30, kuɗin a naira, za a biya kashi-kashi har uku. A nan na yi kuskuren da bai kamaci mai furfura irina ba. Kwamfutar hannu da batir da faifan sola duk kayan dala ne, ni kuma ban sa ko layi ɗaya a yarjejeniyar da zai ba mu damar sake lissafi in naira ta faɗi ba. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500. A watan Yuni aka saki naira, dalar da gwamnati ke bayarwa wajen 460 ta kama hanya, kafin Fabrairun 2024 ta kai wajen 1,500. In ka kira mai kaya a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, sai ya ce, "Alhaji, farashin yau ne fa, gobe sai ka sake kira." Kashi na biyu ya iso mana kamar ƙanƙarar da aka aiko daga nesa. Makarantu 30 suka koma 18, har da ukun farko.

Zaɓen sababbin 15 ɗin ma da nasa rikicin, kowane kansila da ƙauyensu. Muka kafe kan sharaɗi biyu, ɗaki mai rufi da ƙofa, da malami mazaunin garin ba mai zuwa daga birni ba. Muka horar da malamai bibbiyu na kwana uku. Aka yi bikin miƙa kaya a Janairun 2024, dagatai suka zo, aka yi addu'a, aka ɗauki hoto. Kowane hedimasta ya sa hannu a wata takarda da ni na rubuta da hannuna, irin wadda na saba tun ina aiki: kaya kaza na karɓa, amanarsu tana wuyana, abin da ya ɓace ko ya lalace ni ke da alhaki.

Akwatin yana ajiye bayanin duk wanda ya buɗe darasi da tsawon lokacin da ya yi. Bayan mako biyar saurayin nan mai kwamfuta ya zagaya a babur ya kwaso bayanan. A makarantu 7 ba a buɗe darasi ko sau ɗaya ba tun ranar biki.

Muka tafi ɗaya daga ciki ni da ita, cikin hazon hunturu, leɓe duk ya tsage. Malamin aji uku da muka horar yana nan yana rubuta wa yara a allo suna kwafa. Ina kaya? Suna kabad. Ina makulli? Yana wurin Hedimasta. Ina Hedimasta? Ya tafi sakateriya ana tantance malamai. Muka zauna gindin darbejiya har bayan azahar. Ya iso a kan wani tsohon keke, dattijo ne, ya jingine shi ya gaishe mu da girmamawa, ya ciro makullin daga aljihun 'yar cikinsa, ɗaure da zare. Kwado biyu ya sa wa kabad ɗin, ɗaya da kuɗinsa ya saya. Kwamfutocin suna nan cikin ledarsu, ya naɗe su a darduma saboda ƙura, an jera kamar kayan lefe.

Na fara faɗa, ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Yallaɓai, ba kai ka rubuta cewa in ta fashe ni ne ba? Na tambaya an gaya min kuɗin guda ɗaya. Shekara biyu ta rage min in yi ritaya. Yaran nan benci ma karya shi suke yi. In kai ne za ka ba su?" Na dubi 'yata, ta sunkuyar da kai, don ta san takardar tawa ce. Na ce, "Malam, ka yi haƙuri, laifin nawa ne." Ya ce, "Ba komai, ai amana ce kuka ce."

A makon muka karɓe takardun nan duka muka yayyaga. Sabuwar ta ce kayan na aji ne, fashewa a hannun yaro lokacin darasi ba laifin kowa ba ne, sata ce kawai za a kai gaban kwamitin makaranta da mai unguwa. Makulli ya koma hannun malamin aji, na biyu wurin shugaban kwamiti. Na sa a kasafi cewa duk shekara ɗaya cikin 10 za ta mutu, na daina kallon haka a matsayin asara, na mayar da shi kamar alli da ke ƙarewa. Muka samu wani mai gyaran waya a garin da kasuwar mako ke ci, muka ajiye masa gilasai da batura. Faifan sola kuwa ashe ƙurar hunturu ke rufe shi caji ya ƙi cika, maganinsa tsumma da ruwa duk safiyar Litinin, amma sai an ambaci sunan mai hawa ya goge, in ba haka ba kowa ya zuba wa kowa ido.

Duk wannan gyaran gefe ne. Babban gyaran shi ne abin da makarantar nan ta uku ta faɗa tun farko. Muka nemo tsofaffin malamai huɗu da suka yi ritaya, mata biyu maza biyu, kowa da makarantu huɗu ko biyar, aikinsa ya shiga aji sau ɗaya a mako, ya zauna, ya taya malami raba yara, ya ga wanda ya danne kwamfuta, ya tambayi dalilin da ba a yi darasin Laraba ba. Masu zagaye muke ce musu. Alawus ɗinsu da kuɗin mai su ne mafi nauyi a kasafinmu na kowane wata, kuma su ne masu ba da tallafi suka fi ƙi, don kwamfuta ana ɗaukar ta hoto, tsohuwar malama a bayan ɗan acaɓa kuwa ba ta shiga rahoton shekara. Sai da muka rage sayen kaya muka biya su. Cikin zango guda makarantu bakwai ɗin nan suka farfaɗo, ban da ɗaya.

Wani abu ya fito da ba mu shirya ba. Iyaye suka fara tambaya ko za a sa musu karatun a waya. Kamfanin Eneza na Kenya ya kai darussa ga yara masu yawa ta gajeren saƙon waya, amma a ƙauyukanmu mai wayar shi kansa sau da yawa ba ya karanta boko. Sai saurayin mai naɗar murya ya mayar da darussan sauti zalla, muka kai wa masu shagon cajin waya, waɗanda dama su ke tura wa mutane wa'azi da waƙoƙi a memori. Ko 'yar ƙaramar wayar nan da yara ke ce wa rakani-kashi tana kunnawa. Wata mai zagaye ta ce ta shiga wani gida ta tarar da uwa tana tankaɗe tana bin "ba, bi, bu" tare da ɗanta. Ba mu da hanyar auna wannan, don haka ban taɓa sa shi a rahoto ba.

Gwamnati kuwa, duk wanda ya ce zai kai dubban makarantu ba tare da ita ba mafarki yake. A Malawi manhajar onebillion, wadda ta raba babbar kyautar gasar XPRIZE ta manhajojin koyarwa da wata manhaja mai suna Kitkit School a 2019 bayan gwajin watanni 15 a ƙauyukan Tanga na Tanzaniya, sai da ta yi shekaru ana gwada ta a makarantu kafin gwamnatin ƙasar ta ɗauke ta a 2023, ta fara da makarantu 500 da niyyar kaiwa ga duk firamarenta. Mu ba mu roƙi kuɗi ba. Abu uku muka nema a ofishin ilimi: a sa darasin a jadawalin mako, kada a canza wa malamin da muka horar makaranta a tsakiyar shekara, kuma masu duba makarantu su riƙa tambayar kayan in sun zo. Na farko mun samu a rubuce. Na biyu an yi mana alkawari, aka kwashe mana malamai biyar a zango ɗaya. Jami'in da ya gane aikin shi ma aka ɗauke shi, muka koma gaisuwa daga farko da wanda ya gaje shi.

A Janairun 2025 Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje. Mu ba kuɗinta muke ci ba, amma manyan da suke ci suka dawo suna ƙwanƙwasa ƙofofin da mu ƙanana muka saba zuwa. Gidauniyarmu ta sabunta mana makarantu 18, ba ƙari. Ana cikin haka wani ɗan siyasa ya aiko, zai sayi kaya wa makarantu 50 a mazaɓarsa, a manna hotonsa a bayan kowace. Ni raina ya biya, na ce mu karɓa, sauran ma zo daga baya. Ita ta ce wa ɗan aiken, "Ka ce wa Honarabul mun gode. Makarantu 50 masu zagaye 10 ke nan, na shekara uku. In zai ɗauki nauyinsu gobe ma a kawo kaya." Aka ce za a kira mu.

Ta yi auren kuwa, mijin ya ɗauke ta zuwa wani gari, tafiyar awa huɗu. Sau ɗaya take zuwa a wata, sauran ta waya. Cikin 18 ɗin, 14 suna darasi aƙalla sau uku a mako, na ga bayanan da idona. Huɗu suna ɗingishi. Biyu malamansu aka canza, ɗaya iska ta yaye rufin ajin da damina, ta huɗun kuma ta Hedimasta mai darduma ce, batirin solarsu ya mutu. Shi da kansa ya kira ni, saura 'yan watanni ya ajiye aiki, ya ce yara sun dame shi da tambaya. Sabon batirin yana nan zaurena tun Alhamis, ya fi ƙarfin babur, ina jiran mai motar da ke kai taki garin ranar kasuwa.